Mun gyara gidanmu na ƙauye amma ya koma kamar ba namu ba, da me zan ƙawata shi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kince ke da su Hamma kun haɗa kuɗi kun gyara gidan mahaifinku, Allah ya jiƙansa, a wani ƙauye ta wajen Dukku, an sa sabon kwano, anyi tayil da silin a falo da ɗakuna uku, amma zauren ƙasa da ɗakin Dada, tsohuwar gidan, an barsu yadda suke tunda ta hana a taɓa. Yanzu gida yayi fes amma in kin shiga sai kiji kamar ɗakin jira na asibiti, kina so ki ƙawata shi da tsoffin kaya da kayan aikin hannu, kina tambaya ko Kano zaki je ki sayo.

Toh kar kije Kano tukuna, kar ma ki shiga kasuwar Gombe. Jere da shirya ɗaki shine sana'ata, kuma a gidajen gado irin naku yawanci rabin abinda ake nema yana nan cikin gidan, a ƙarƙashin gadon tsohuwa, a ɗakin shirgi, a gindin rumbu, wasu ma lokacin aiki leburori sun tattara su bayan gida. Dan Allah yau ɗinnan ki kira gida kice kar a sayar ma 'yan gwangwan da komai, su a kilo suke saye, gadon ƙarfe da tasa da tsohon keken ɗinki duk ƙarfe ne a wajensu, in suka ɗora a kura shikenan kuma. Sai ki shirya kije da kanki ki kwana biyu, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a fito da komai rana ta gani, Dada na zaune a gefe tana gaya miki wannan na waye, wancan daga ina yazo. Ki rubuta, ko ki ɗauki muryarta a waya.

Amma kafin ki ɗauki ko cokali ki tuna abu ɗaya. Abinda mahaifinku ya bari, in ba'a raba gado ba, na magada ne gaba ɗaya, har rediyonsa da sandarsa. Ku zauna da 'yan uwa, har da na ɗayan ɗakin in akwai, da Bappa in yana raye, a yarda cewa kaza da kaza zasu zauna a gidan a matsayin na kowa. Kayan Dada kuma nata ne, kayan aurenta ne, iyayenta suka mata, ba'a kwashe su a kai falo dan baƙi su gani sai in ita ta miƙo da hannunta. Na sha ganin zumunci ya yi tsami akan akushi ɗaya, kuma wallahi ba kuɗinsa bane, rashin tambaya ne.

Sai maganar bango, dan ado baya zama akan bango mai ciwo. Naji daɗi sosai da Dada ta hana a taɓa zauren nan. In wani birkila yace miki bari a watsa masa fulastan siminti ya yi kyau, kice a'a. Siminti da ginin ƙasa basa riƙe juna, ƙasa tana shan danshi da damina tana saki da rani, siminti kuma ya kan kulle danshin a ciki, shekara kaɗan zakiji bangon yana ƙara in kin ƙwanƙwasa, fulastan ya ɓanɓaro da ƙasar a jikinsa, gara kuma ta samu hanya a tsakani ba mai ganinta. Haka fenti mai mai ɗinnan mai sheƙi. Ki nemi tsohon magini na garin ya masa yaɓe irin nasa, da jar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa, a bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, shi ke sa bango yayi duhu-duhu ya ƙi ruwa, kuma da shi ake daɓe. Ya duba azara ko akwai wadda ta tsage, ya duba indararo kar ruwa ya dinga sauka a gindin bango. Daga ciki farar ƙasa ta wadatar. In akwai zane a goshin ƙofar, dagi ne ko wani abu, a bi sawunsa a tayar dashi kawai, kar a ƙirƙiro sabo da fenti kala bakwai. In kina son kiga iyakar abinda ƙasa da azara zasu iya, watarana in kin bi ta Bauchi ki ratse Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa kiga Gidan Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, kuma tun 1956 aka sa gidan cikin kayan tarihi na ƙasa. In kin tsaya ƙarƙashin bakan gizon gidan, wato lanƙwasassun ginin da ke riƙe rufin, zaki dawo kina kallon zaurenku da wani ido.

Ɗakunan da aka yi ma siminti kuma, abinda yasa kike jin sanyin asibiti abu uku ne suka haɗu, farin fenti mai ɗaukar ido, tayil mai sheƙi, da farin ƙwan lantarki. Tayil ya riga ya zauna, barshi, za'a rufe shi da shimfiɗa. Fenti ki canza zuwa mara sheƙi, ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske, ƙwai kuma ki sa mai ɗan ja-ja irin hasken fitila, akwai shi har na sola. Wannan kaɗai kafin ki rataya komai zakiga ɗakin ya sauko.

Yanzu jere, nan ne zuciyar aikin. Kinsan iyayenmu tun da can suna da nasu ilimin ado, ba yau aka fara ba. Kakanninmu da ƙwarya da faifai suka yi jere, sai tasa ta shigo, sai kwanon sha da langa da fanteka masu fulawa, sai tangaran, sai kuloli na yanzu. In kin kifa tsohon kwano ki duba gindinsa wani lokaci zakiga tambarin inda aka yi shi, da yawa daga waje aka shigo dasu kafin a kafa masana'antun kwano a Kano da Legas. Kuskuren da 'yan birni keyi shine su ɗauki kwano ɗaya su ajiye can, ɗaya can, kamar kowanne abin kallo ne shi kaɗai. Jere ba haka yake ba, kyansa a yawa ne da tsari, babba a ƙasa ƙarami a sama, launi ɗaya a layi ɗaya, murfi yana kallon mai shigowa. Ki zaɓi bango guda ɗaya tak a falon, kafinta ya miki kanta ta katako mai hawa huɗu ko biyar, ko in tsohuwar kabad ɗin gidan tana nan a gyara ta, ki tara kwanukan a wuri ɗaya su cika ido, sauran bangon ki barsu su huta. Kuma ki kira Goggo ko wata tsohuwa da ta saba yi ma amare jere ta tsaya miki, hannunsu ya san abinda ni sai na tsaya na auna.

Wankinsu da ruwan ɗumi da sabulu da tsumma ne, banda soson ƙarfe, yana kashe fulawar. Wanda ya ɓantare har baƙin ƙarfe ya fito ki goge tsatsar ki shafa ɗan mai, ya zauna a jere amma a daina cin abinci a ciki, musamman masu ja da rawaya a ciki, tsoffin launukan nan wasu akwai dalma da makamantanta. Tasa ta tagulla, irin ta Bida mai bugun zane, lemon tsami da toka mai laushi ke fito da ita, ki ɗauraye sosai ki shanya ta bushe ƙarau. Kar ki goge ta har ta koma kamar sabuwa, duhun da ya kwanta cikin ramin zanen shine ke nuna zanen. Koren nan da ke fitowa a jikinta kuma guba ne, kar a zuba nono ko kunun tsamiya a ciki.

Ƙwarya kam Allah ya hore mana a ƙasar Gombe, matan Fulani da na Tera da Waja sun iya mata ado, wasu da ƙarfe mai zafi suke ƙona zanen wasu sassaƙawa suke, kuma kowane yanki da hannunsa. In kin samu tsoffi a gidan, har wadda ta fashe aka ɗinke, kar ki yar, ɗinkin ma abin kallo ne. Kar a huda ta da ƙusa. A saƙa mata ragaya a rataye, ko ta zauna akan gammo a kanta da faifanta a kai. Kar kuma a shafa mata man ƙyallin nan na kafintoci, yana mayar da ita kamar roba kuma baya fita. Abokan gabarta biyu ne, ƙwaro da iskar hunturu. In kinga ƙananan huji da gari-gari a ƙasanta akwai ƙwaro a ciki, ki ware ta daga sauran nan take. Nesa da taga zaki ajiye ta inda rana bata dukanta.

Wannan maganar ƙwaron ta shafi duk wani abu na itace, akushi, turmi, kujerar tsakar gida, tsohon ƙyaure. Kar ki shigar da ko ɗaya sabon ɗaki sai kin duba. Wanda ke zubar da gari a ɗaure shi cikin baƙar leda a ajiye a rana, zafin watan Maris da Afrilu na nan wajen da ke haura digiri 40 yana dafa cikin ledar har ƙwaron ya mutu, mai kauri irin turmi sai an bashi kwanaki ana juyawa. Bayan nan ki goge ki shafa man kaɗanya kaɗan ko man darbejiya. Tsohon turmin da gindinsa ya huje ana kifa shi ya zama wurin ajiye fitila ko tire a gefen kujera, tsohon ƙyauren zaure kuma in an cire shi lokacin gyara, wallahi ki nemo shi ko a ina yake, ko bazai koma ƙofa ba ya jingina a bango. Kome na itace dai kar ya zauna kai tsaye akan daɓen ƙasa, a sa masa dutse ko bulo a ƙasa, a ɗan janye shi daga bango yadda tsintsiya zata shiga, gara bata son inda ake motsawa.

Gadon ƙarfe mai rumfa in yana nan kin tsinci dami a kala. A kankare tsatsa a waje ba cikin ɗaki ba, mai kankarewa ya rufe hanci kuma yara su matsa, dan tsohon fenti ma ana samun dalma a ciki. A shafa jan fentin hana tsatsa sannan baƙi ko kore mai duhu, mai walda ya ƙara masa ƙarfe a tsakiya in ya lotsa. Rumfar nan kuma gidan sauro take ɗauka daidai, ga ado ga amfani.

Shimfiɗa ita zata kashe miki sheƙin tayil. Tabarmar kaba, ba ta roba ba, manya biyu ko uku a falo, a ɗora darduma ko buzu a inda manya ke zama. Ki tuna mutanen da zasu cika falon nan ranar sallah ko biki a ƙasa zasu zauna, ƙafa a miƙe, ana cin tuwo a kwano ɗaya, in kika cika shi da kushin manya-manya irin na Abuja kin kore su tsakar gida kenan. Kujera doguwa ɗaya da ƙanana biyu sun isa saboda masu ciwon gwiwa, sauran timtim na fata. Timtim ki shinshina kafin ki biya, fatar da ta jimu da bagaruwa sosai ƙamshin fata take, wadda aka yi ma gaggawa da damina zata cika ɗaki da ɗoyi. A cusa masa audugar rimi ko tsoffin tsummokara masu tsabta, banda ƙaiƙayi ko audugar da ke da 'ya'ya a ciki, ɓera zai huda shi. Da hunturu a shafa masa ɗan mai kar ya tsage, da damina a dinga fito dashi shan iska saboda fumfuna.

A adudun Dada ko akwatin ƙarfenta da wuya ki rasa gwado ko luru ko saƙi. In ta baki, gwado mai ƙarfi ya hau gado ko bayan kujera a ci gaba da amfani dashi. Wanda ya tsufa sosai a rataye, amma ba da ƙusa ba, tela ya ɗinka masa aljihu a baya a zura gora, nauyin ya rabu daidai. Mai rinin baba yana zuba, zai shafa ma farin bango shuɗi, a sa masa wani ƙyalle a baya, wankinsa da ruwan sanyi shi kaɗai, shanya a inuwa, kuma kar a rataye shi inda hasken taga ke sauka dan rana tana cin rini. Na ajiya a naɗe da busasshen ganyen darbejiya ko kafur saboda asu. A ƙofofi kuma maimakon labulen leshi ki sa asabari, iska na shiga, mutum na waje baya ganin ciki.

Randa ki sa ta inda za'a sha ruwanta, a inuwar baranda, da faifai da moɗa a kai. Kar a mata fenti ko kaɗan, sanyin ruwanta daga zufar da take yi ne, ruwa na tsatsafowa ta jikinta iska na busarwa, in kika toshe da fenti ta zama tulun banza. A girka ta akan yashi ko ƙarfe mai ƙafa uku, nesa da bangon ƙasa. Tsoffin tukwane da suka tsage a tsakar gida a shuka lalle ko na'a-na'a a ciki.

Kayan Baba kuma zaure ne wurinsu tunda nan yake zama. Buzunsa, sandarsa, rediyo, agogon bango, keke in ya bari. Amma allo da gafaka da littattafai ba kayan ado bane kamar sauran, in akwai ayoyi a jiki sai a sama, wuri mai tsabta, ba inda ake miƙe ƙafa ko ajiye takalmi ba, allon zayyana na saukarsa in yana nan shi ya fi cancanta da bangon gabas. Takardun da aka rubuta da hannu kar a manna musu salatif, kar a kai a rufe su da leda mai zafin nan, tana lalata takarda kuma bata cirewa, a ɗauki hoton kowane shafi a mayar dasu cikin gafakarsu yadda aka same su. Hoto kuma ki tambayi mutanen gidan tukuna, wasu gidajen basa rataya hoton mutum, in sun yarda a wanko kwafi a sa a firam, na asalin ya zauna a akwati.

Sai bayan duk wannan zaki ga abinda ya rage, sannan ki fita saye, kuma ki fara da ranar kasuwar garinku da na kusa kafin birni. Masu saƙar kaba, masu ginin tukwane, maƙera, dukawa, masassaƙa, suna nan har yanzu, abinda ya kashe musu kasuwa roba ce, mutane sun daina tambaya. Ki basu aiki da awo, ki yanki igiya daidai tsawon wurin ki miƙa ma mai tabarma, ki bada kafin alƙalami ki cika in an kawo. Bayan kaka zuwa rani shine lokacin, an gama gona, sabuwar ƙwarya ta bushe, hannu ya samu sarari, da damina kowa na gona ba mai kula ki. Kuma dan Allah kar ki matse su a ciniki, tabarma ɗaya kwanaki take ci. Abinda babu a nan shine zaki nema a nesa, rini a Ƙofar Mata da kayan kasuwar Kurmi a Kano, fata a Naraguta kusa da Jos.

In wani ya kawo miki abu yace tsohon gaske ne ki duba inda hannu ke kamawa. Tsufan gaskiya a baki da mariƙi da gindi yake, wurin yayi santsi, sauran jikin kuma ba haka ba. Wanda aka turara da hayaƙi aka shafa ma man takalmi baƙinsa ɗaya ne ko ina har cikin lungu, in kin murza da farin ƙyalle zai fito. Sabon aiki mai kyau da kika san wanda yayi ya fi tsohon ƙarya. Abinda aka tono daga ƙasa kuma, ko aka ce daga wani kango ko fada ya fito, ki nisance shi, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan, kuma kayan aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 suna cikin abinda take kira kayan tarihi.

Abu na ƙarshe da zaki lissafa shine ƙura da wanda zai share. Ke zaki koma birni, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu zata kwanta akan kowane kwano da kowane faifai, Dada kuma ƙarfinta ba kamar da ba. Dan haka kar ki jera abinda ya fi ƙarfin mutanen gidan, in kantar zata samu ƙofar gilashi a sa mata. Ki samu yarinya ko matar wani ɗan uwa a gidan ki dinga mata ɗan alheri duk wata, aikinta ta buɗe tagogin ɗakunan da ba'a kwana ciki sau ɗaya a sati, ta kaɗe, ta naɗe tabarmi a jingine in ba baƙi, da damina kuma ta dinga leƙa bayan kabad da ƙarƙashin gado, in taga layin jar ƙasa ya fara hawa bango ta kankare ta kira ki a ranar.